Ƙudan zuma da kaskar Varroa: tambayoyi da amsoshi kan ɗabi'ar tsaftar amya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu kiwon zuma, tun daga mai amya biyu a bayan gida har zuwa mai amyoyi da dama a daji. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda sai wanda ya saba buɗe saƙa ne zai yi su.

Mece ce wannan kaska ta Varroa, kuma yaya kamanninta suke?

Wata ƙaramar halitta ce mai ƙafa takwas, dangin kaska da gizo-gizo, wadda ba ta iya rayuwa sai a jikin ƙudan zuma. Sunanta a kimiyya Varroa destructor. Macen ita ce ake gani: ja ce mai duhu-duhu, faffaɗa, faɗinta kusan milimita 1.6, tsawonta kuwa kimanin 1.1, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Namijin fari ne, ƙarami, ba ya taɓa fita daga ramin saƙar da aka haife shi a ciki.

Kada a rikita ta da ƙwarƙwatar zuma, wadda ita ma ja ce kuma tana hawa bayan ƙudan, musamman sarauniya. Ƙwarƙwatar zuma ƙafarta shida, jikinta a dunƙule yake, kuma abinci kawai take kwasa daga bakin ƙudan. Ita kaska a shimfiɗe take, takan kutsa tsakanin gaɓoɓin cikin ƙudan ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa da sauƙi. Shi ya sa idan har ka fara ganinta a sarari a bayan ƙudan da yawa, to ta riga ta yi kaka-gida.

Daga ina ta fito?

Asalinta Asiya, a jikin ƙudan zuman can mai suna Apis cerana. Sun daɗe tare har kowa ya san iyakar ɗan'uwansa: a wurin wancan ƙudan, kaskar kusan ba ta haihuwa sai a ramukan 'ya'ya maza, don haka ba ta yin yawan da za ta kashe gida. Matsala ta taso ne da mutane suka kai ƙudan Turai, wato Apis mellifera, gabashin Asiya. Kaskar ta tsallaka jikinsu a ƙarni na 20, ta sami baƙon da bai san ta ba, kuma a wurinsa tana iya haihuwa har a ramukan ma'aikata, wato matan ƙudan da ke yi wa gida aiki.

Daga nan fataucin sarauniyoyi da amyoyi ya yaɗa ta. An gan ta a Amurka a 1987, Ingila a 1992, Afirka ta Kudu a 1997, Niyu Zilan a 2000. Ostareliya ta daɗe tana tsare kanta, amma a watan Yuni na 2022 aka gano ta kusa da tashar jiragen ruwa ta Newcastle, kuma a 2023 hukumomi suka haƙura da yunƙurin kawar da ita ƙarƙaf. Shekaru da dama ana ɗaukar ta a matsayin Varroa jacobsoni da aka bayyana a tsibirin Java a 1904, sai a shekarar 2000 Denis Anderson da John Trueman suka nuna cewa wani jinsi ne daban.

Ta yaya take kashe gidan zuma?

Ta hanya biyu. Ta farko, tana huda jikin ɗan zuma tana ci. An daɗe ana cewa jininsa take sha, amma binciken Samuel Ramsey da abokan aikinsa na 2019 ya nuna cewa abin da ta fi ci shi ne wata tsokar kitse da ke cikin ƙudan, wadda ke ajiye abinci, tana tace guba, tana kuma taimaka wa garkuwar jiki. Ƙudan da aka ci wa wannan tun yana rami yakan fito da rauni, kuma ba ya daɗewa.

Ta biyu ta fi muni: tana ɗaukar ƙwayoyin cuta daga wannan ƙuda zuwa wancan, musamman bairos mai nakasa fukafukai. Za ka ga sabon ƙuda ya fito fukafukansa a tattare, cikinsa gajere, yana rarrafe a bakin amya ba ya iya tashi. A ƙasashen sanyi, gidan ƙudan Turai da aka bari ba magani yawanci yakan mutu cikin shekara biyu zuwa uku.

Yaya take haihuwa? Me ya sa ake cewa sai an fahimci wannan kafin a fahimci tsafta?

Saboda dukan raunin kaskar yana nan. Ma'aikaciyar zuma tana kwana 3 a ƙwai, kimanin kwana 6 tana tsutsa a buɗaɗɗen rami, sannan a rufe ramin da murfin kaki ta yi kimanin kwana 12 a ciki. Jimilla kwana 21 ke nan a ƙudan Turai; namiji kwana 24. Uwar kaska takan shiga ramin 'yan sa'o'i kafin a rufe shi, ta nutse cikin abincin tsutsar ta yi lamo. Bayan an rufe da kusan kwana uku sai ta yi ƙwan farko, kuma shi ne namiji. Daga nan duk bayan kimanin sa'a 30 ta ƙara ƙwai ɗaya, duka mata.

Kowane ɗa yana bukatar kusan kwana shida kafin ya balaga, kuma dole namijin ya yi barbara da 'yan'uwansa mata a cikin wannan rami kafin ƙudan ya fasa murfi ya fito. Wadda ba ta balaga ba a ranar, ta mutu. Shi ya sa a ramin ma'aikaciya uwa ba ta samun fiye da 'ya ɗaya ko biyu masu rai, a ramin namiji kuwa, da yake ya fi daɗewa a rufe, biyu zuwa uku, kuma shi ya sa take fifita ramukan maza ninkin ba ninkin. Uwa ɗaya kuma ba ta cika wuce zagaye biyu ko uku na haihuwa a rayuwarta ba. Duk abin da ya katse mata waɗannan kwanaki goma sha biyu, ko da bai kashe ta ba, ya ci mata babban rabo.

To mece ce ɗabi'ar tsafta?

Aiki ne mai mataki uku da wasu ma'aikata ke yi: su gano ramin da ɗan cikinsa ya mutu ko ba shi da lafiya alhali yana rufe, su huda murfin, su fitar da abin da ke ciki. Wani lokaci sukan ja shi waje su yar, wani lokaci su cinye shi a wurin. Masu wannan aiki yawanci 'yan tsaka-tsaki ne, masu kwana 15 zuwa 20 da fitowa, waɗanda suka wuce renon tsutsa amma ba su fara fita kiwo ba.

Kusan kowane gidan zuma yana fitar da gawa daga ƙarshe. Bambancin yana ga sauri. Gidan da ya gano matsala yau ya fitar kafin gobe ya tsere wa cuta. Wanda sai bayan kwana biyar ya farga, a lokacin ƙwayar cutar ta riga ta kai matakin yaɗuwa, kuma masu sharar da kansu su ne za su raba ta ko'ina.

Wa ya fara gano wannan ɗabi'a?

An san ta tun kafin Varroa ta zama abin magana. A shekarun 1930 masu bincike a jihar Iowa ta Amurka suka lura cewa wasu gidaje suna tsira daga cutar ruɓewar 'ya'yan zuma, wasu ba sa tsira. Wanda ya tsaya ya warware lamarin shi ne Walter Rothenbuhler, a aikin da ya wallafa a 1964. Ya haɗa jinsi mai tsafta da marar tsafta, 'ya'yan farko suka fito ba tsafta. Da ya sake haɗa su da jinsi mai tsafta, ya sami gidaje 29 da suka rabu kusan kashi huɗu: wasu suna buɗe murfi su fitar da gawa, wasu suna buɗewa su bar ta a ciki, wasu ba sa buɗewa, amma idan shi ya cire musu murfin da hannunsa sai su fitar, wasu kuma ba sa yin ko ɗaya.

Wannan ya nuna cewa gadon abin ake yi, kuma buɗewa da fitarwa ba abu ɗaya ba ne. Shi ya ɗauka ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da shi. Bincike na baya ya nuna sun fi haka yawa, wanda shi ne dalilin da ya sa ɗabi'ar ke zuwa hawa-hawa, kuma take saurin salwancewa idan aka daina zaɓe (duba amsar da ke kan barbarar sarauniya).

Ta yaya suke sanin akwai kaska a ramin da ke rufe?

Da hanci, wato da 'yan ƙahonin nan biyu da ke kansu, domin a nan suke jin ƙamshi da wari. Cikin amya duhu ne, ido ba ya aiki. Ita kaskar kanta ta iya ɓuya, domin jikinta yana ɗaukar warin gidan da take ciki. Abin da ya fi tona mata asiri shi ne ɗan zuman da take ci: idan ya ji rauni ko bairos ya kama shi, sinadaran da ke fatarsa sukan canja, kuma warin yana ratsa murfin kaki. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙudan jinsi mai tsafta suna jin irin wannan wari tun yana ɗan kaɗan, sauran kuwa sai ya yi ƙarfi.

A Jami'ar North Carolina da ke Greensboro, Kaira Wagoner da abokan aikinta sun haɗa irin waɗannan sinadarai a ɗakin gwaji, suka mai da su feshi. Ana fesa wa wani ɗan yanki na rufaffiyar saƙa, a mayar cikin amya, bayan sa'a biyu a ƙirga ramukan da ƙudan suka huda. A ƙudan Asiya abin ya ma wuce haka: ɗan ma'aikaciyar da kaska ta kama yakan yi saurin lalacewa ya mutu, sai 'yan'uwansa su fitar da shi, haihuwar kaskar ta tashi a banza.

Idan sun buɗe ramin, kashe kaskar suke yi?

Yawanci a'a, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure. Uwar takan fice da ranta ta hau wani ƙuda. Waɗanda ke mutuwa su ne ƙwayayenta da 'ya'yanta masu laushin jiki, domin ba sa iya rayuwa a waje. Ita kuma ta yi asarar zagaye ɗaya cikin biyu ko ukun da take da su (duba amsar da ke kan haihuwarta). Idan ta sake shiga wani rami aka sake tono ta, ta tsufa ba magaji.

Gidan ya yi asarar ɗa guda, gaskiya ne, amma ɗan da dama nakasasshe zai fito. Idan ana yin haka a babban kaso na ramukan da kaska ke ciki, yawanta ba ya hauhawa, ya tsaya inda gida zai iya ɗauka.

Akwai bambanci tsakanin tsafta ta gama-gari da abin da ake kira VSH?

Akwai, kuma yana da muhimmanci ga mai sayen sarauniya. Tsafta ta gama-gari ana auna ta ne da saurin fitar da mataccen ɗa. A kan wannan Marla Spivak da Gary Reuter suka gina jinsin da suka fitar a Jami'ar Minnesota a shekarun 1990. Jinsin ya yi fice wajen jure cutar ruɓewar 'ya'ya da cutar da ke busar da tsutsa ta zama kamar alli, ya kuma rage kaska, amma bai kai ga a daina magani ba. Dalili: warin gawa yana da ƙarfi, warin ɗan da ke da rai kaska na cin sa kuwa ɗan kaɗan ne.

VSH, wato gajeren sunan Turanci na tsaftar da ke gano kaskar Varroa, ta fito ne daga ɗakin binciken zuma na ma'aikatar noma ta Amurka da ke Baton Rouge a jihar Louisiana. John Harbo da Jeffrey Harris suna zaɓen gidajen da kaska ba ta yawaita a cikinsu, suka lura cewa yawancin kaskar da suke tararwa a ramuka ba ta da 'ya'ya. Da farko sun ɗauka wani abu ne a jikin 'ya'yan zuman ke hana ta haihuwa. A 2005 suka nuna cewa manyan ƙudan ne ke tone ramukan da kaska mai haihuwa ke ciki, marasa 'ya'yan da suka saura su ne mai bincike ke tararwa. Daga nan aka sake wa ɗabi'ar suna zuwa VSH. Don haka gida na iya cin gwajin gawa da maki mai kyau amma ya kasa a gaban kaska.

Na ga ramuka a buɗe, kan ɗan zuma fari yana leƙowa. Cuta ce?

Ba lallai ba. Idan buɗaɗɗun ramukan sun jeru a layi ɗaya, bakinsu ya ɗan tasa, a yi zargin tsutsar asu mai cin kaki, wadda ke haƙa hanya a ƙarƙashin murfi. Idan kuwa a warwatse suke nan da can, wasu an ci rabin ɗan da ke ciki, to mai yiwuwa ƙudan ne ke bincike. Ɗauki ɗan tsinke ka zaro ɗaya ka leƙa ramin da fitila. Ramin da kaska ta zauna za ka ga wani farin ɗigo manne a bangonsa ta sama, kashinta ke nan, kuma a wurin ne iyalinta ke taruwa. Kusa da shi za ka iya ganin uwar ja da 'ya'yanta farare.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani daga waje. Sau da yawa ƙudan kan huda murfi, su shinshina, su sake liƙewa. Idan ka ɗaga murfin a hankali ka juya cikinsa, wanda ba a taɓa ba yana sheƙi saboda zaren da tsutsar ta saƙa, wanda aka sake rufewa kuwa za ka ga tabo marar sheƙi na kaki zalla a tsakiya. A 2018 Melissa Oddie da abokan aikinta sun duba gidajen da suka rayu ba magani a Faransa da Suwidin da Norwe, suka tarar duk suna yawan yin wannan, kuma sun fi yin sa a ramukan da kaska take. Stephen Martin na Jami'ar Salford ya sami irin haka a Afirka ta Kudu da Burazil. Amfaninsa a fili yake: ana iya bincika ramuka da yawa ba tare da an kashe lafiyayyen ɗa ba.

Tsafta kaɗai ce makaminsu?

A'a. Akwai susa: ƙuda ya kakkaɓe kaska daga jikinsa da ƙafafu, ko ya yi wata rawa 'yan'uwansa su zo su cire masa, wani lokaci su ciji ƙafarta su gutsure. A Jami'ar Purdue, Greg Hunt da Krispn Given sun yi shekaru suna zaɓen gidaje ta hanyar duba kaskar da ta faɗo ƙasan amya, suna ƙirga masu guntulallun ƙafafu. Akwai gajartar kwanakin rufewa, da yawan rabuwar gida, da ƙaura, waɗanda duk ke katse haihuwar kaska. Gidajen da suka tsira da kansu galibi sun haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan.

Gaskiya ne ƙudan Afirka ba sa bukatar magani?

Abin da aka gani ya zuwa yanzu ya goyi bayan haka. Da kaskar ta shiga Afirka ta Kudu a 1997, ta yi yawa sosai a shekarun farko, an kuma yi asara. Amma mafi yawan gidajen zuma na daji ne, ba mai ba su magani. Mike Allsopp ya bi lamarin ya ruwaito cewa ƙudan yankin Cape sun shawo kanta cikin shekara 3 zuwa 5, na yankin ciyayi kuwa cikin 6 zuwa 7. A Kenya an gano ta a 2009, kuma binciken da Elliud Muli da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya same ta a kusan duk wuraren da suka duba ban da mafi nisa, ba tare da ta rage ƙarfin gidaje ba. Suka ba da shawarar kada a sa magani. A Najeriya an tabbatar da ita a kudu maso yamma a wani rahoto na 2012.

Dalilan sun haɗu ne. Ma'aikaciyar ƙudan Afirka takan fito cikin kwana 19 zuwa 20, wanda ke rage wa kaska lokacin da dama bai ishe ta ba. Suna yawan rabuwa. Idan wuri ya dame su, su tashi gaba ɗaya su bar saƙa da 'ya'ya, kuma duk kaskar da ke rufe a ramuka nan za ta mutu. Wannan ƙaura da ke ƙona ran mai amya tana cikin abin da ke tsare masa kiwonsa. Wani bincike na icipe, cibiyar nazarin ƙwari da ke Nairobi, a 2017 ya sami ƙudan Kenya sun fi na Turai susa, alhali wajen fitar da gawa ba su bambanta sosai ba.

A ganina babban dalilin shi ne ba wanda ya shiga tsakani. Gidan da ya kasa ya mutu da irinsa, wanda ya iya ya hayayyafa, mazansa suka cika sararin sama. Wannan dukiya ce da masu kiwo a Turai da Amurka ke kashe kuɗi da shekaru suna nema, mu kuma muna da ita a kan bishiyar ɗorawa da kuka ba mu biya ko sisi ba.

To me ya hana masu kiwo a Turai su daina magani kawai?

Tsadar abin. A 1999 Ingemar Fries ya ajiye gidaje 150 a tsibirin Gotland na Suwidin ya bar su ba magani. Cikin shekara uku fiye da kashi 80 cikin ɗari sun mutu. 'Yan kaɗan da suka rage sun rayu, amma gidajensu ƙanana ne, 'ya'yansu ba yawa. Wanda zuma ce abincinsa ba zai iya jure wannan ba. Ga kuma cunkoso: inda aka jera amyoyi ɗaruruwa, idan gida ɗaya ya raunana maƙwabta sukan shiga su wawashe zumarsa su dawo da kaskarsa, har ta fi ƙarfin mai tsafta.

Duk da haka ƙudan Turai ma suna iyawa idan sun sami sarari. Thomas Seeley ya nuna haka a dajin Arnot na jihar New York, Yves Le Conte ya nuna a Avignon ta Faransa, kuma Kyuba, inda kaskar ta shiga a 1996, tana kiwon gidaje sama da 200,000 ba magani. A ɓangaren zaɓe kuma, an shigo da ƙudan yankin Primorsky na gabashin Rasha zuwa Amurka a 1997 saboda sun daɗe da kaskar. Wani gwaji da aka wallafa a 2022 ya nuna jinsin Pol-line, wanda aka fitar daga VSH, ya tsallake hunturu da kusan kashi 60 cikin ɗari, gama-garin jinsin kasuwa kuwa kashi 26.

Yaya zan gwada tsaftar gidajena ba tare da kayan ɗakin bincike ba?

Masu bincike sukan daskarar da da'irar ramuka kimanin 160 da ruwan naitirojin, su duba bayan sa'a 24. Gidan da ya share kashi 95 cikin ɗari shi ne mai tsafta. Wannan ruwa ba kowa ke samunsa ba, kuma yana ƙuna. Gwajin allura ya fi dacewa da mu. Zaɓi saƙa mai rufaffun ramukan ma'aikata a jere ba gibi. Da siririyar allura ka soki ramuka 50 ta tsakiyar murfi har ƙasa, ka yi alama a sandar saƙar don ka gane wurin, ka mayar. Bayan kimanin sa'a shida ka dawo ka ƙirga waɗanda aka share tas.

Lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Amfanin gwajin shi ne kwatanta gidaje a rana ɗaya, da allura iri ɗaya, sannan a maimaita sau biyu ko uku a lokuta daban, domin ƙudan sun fi himmar shara lokacin da furanni suka buɗe. A tuna kuma gawa yake aunawa (duba amsar da ke kan VSH), don haka a haɗa shi da ƙirgar kaska. Gwajin yana bukatar amya mai sanduna irin ta Kenya ko mai firam. Mai amyar gargajiya ta ciyawa ko ta kututture ba zai iya zaro saƙa ya mayar ba, amma ranar ɗiban zuma yana iya fasa ramukan maza, manyan nan masu tudun murfi, ya duba: jar kaska a kan farin ɗa ba ta ɓuya.

Yaya ake ƙirga kaska?

A kakkaɓo ƙudan daga saƙar da ke da 'ya'ya, bayan an tabbatar sarauniya ba ta ciki. Rabin kofi, wato kusan mililita 100, yana ɗaukar ƙudan Turai kimanin 300. Namu sun fi ƙanƙanta, za su ɗan fi haka. A zuba su a kwalba mai murfin raga, a sa cokali biyu na garin sukari mai laushi irin na kwalliyar kek, a juya, a bari minti biyu a inuwa, sannan a kife a girgiza kan farin faranti. Kaska za ta zubo, ƙudan kuma a mayar da su. Da damina sukarin yakan dunƙule, ƙirgar ta yi ƙasa da gaskiya.

A Turai da Amurka idan an sami kaska 2 zuwa 3 a kan kowane ƙuda 100, sai a fara magani. Wannan ma'auni na ƙudansu ne da hunturunsu. A wurinmu amfanin ƙirgar shi ne ka san wane gida ne kullum yake da kaɗan, don daga shi za ka raba.

Idan na sami gida mai kyau, 'ya'yansa za su gaje shi?

Wani ɓangare. Sarauniya tana barbara ne a sararin sama, nesa da amya, da maza goma zuwa ashirin daga gidaje daban-daban, kuma rabin gadon kowace ma'aikaciya daga ubanta yake. Shi ya sa masu fitar da jinsi a Turai suke kai sarauniyoyi tsibirai ko su yi musu barbara da na'ura. Sarauniyar VSH da aka saya da tsada, jikokinta na iya komawa gama-gari idan mazan unguwa ba su da ɗabi'ar.

A Afirka wannan lamari yana aiki ne ta ɓangaren alheri, domin mazan daji 'ya'yan gidajen da suka tsira ne. Abin da ya rage wa mai kiwo shi ne ya raba daga gidajensa mafiya ƙarfi, kuma ranar ɗiba kada ya ƙone gida ko ya kwashe saƙar 'ya'ya duka. Gidan da ya fi cika da zuma shi ake fara zuwa wa da wuta, kuma sau da yawa shi ne irin da ya fi cancanta a bari.

Ba zan sa magani ba ko don rigakafi?

Ina roƙon kada a yi, muddin gidaje suna da ƙarfi. Magani yana raya gidan da ya kasa kare kansa, mazansa su yaɗa wannan rauni. Kaska kuma tana sabawa da shi: magungunan fluvalinate da coumaphos sun daina aiki a wurare da yawa, amitraz ma ya fara sanyi a wasu. Biyun farko suna narkewa cikin kaki su zauna shekaru, alhali rashin irin wannan saura yana cikin abin da ke sa masu saye daga waje neman kakin Afirka.

Haɗari mafi kusa shi ne maganin kaskar shanu. Wasunsu amitraz ne a ciki, sai wani ya ga ai kaska kaska ce, ya jiƙa tsumma ya tura cikin amya. An haɗa shi ne don fatar saniya. A amya yana iya kashe ƙudan, ya kuma gurɓata zumar da yara za su sha. Ita kaskar ba ta cutar da mutum, kuma zumar gidan da take ciki lafiyayya ce. Idan gida ɗaya ya cika da nakasassun ƙudan, abin yi shi ne a daina rabawa daga gare shi, a kuma sake masa sarauniya daga gida mai ƙarfi in da hali.

Shigo da sarauniyoyi masu sanyin hali daga waje fa?

Sha'awar a fili take, domin ƙudanmu suna da zafi. Amma sarauniyar Turai tana zuwa da gadon da bai san zafinmu da ƙwarinmu ba, kuma yawanci gadon da aka raya da magani. Ƙudan da ke rakiyarta na iya ɗauko nau'in bairos da babu shi a nan.

Akwai kuma wata kaskar Asiya mai suna Tropilaelaps, wadda ta fi Varroa ƙanƙanta da saurin haihuwa. Ta fita daga yankinta na asali, kuma a 2024 an ba da rahoton samun ta a kudancin Rasha da Jojiya. Ba ta iya wuce 'yan kwanaki a jikin manyan ƙudan ba tare da 'ya'ya ba, don haka hanyarta mafi sauƙi ta tsallaka teku ita ce cikin saƙa mai 'ya'ya ko kwalin ƙudan da aka yi saurin aikowa ta jirgin sama.